Yadda Za Ka Karanci Sufancin Yahudawa Ba Tare da Ka Ɓace a Hanya Ba

Duk wanda ya saba duba teburan masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba ko a ƙarƙashin gadar Ojuelegba ya taɓa cin karo da wasu ƙananan littattafai masu cike da hatimai da taurari da baƙaƙen Ibrananci, waɗanda ake tallata su da sunan sirrin Kabbala. Haka kuma a zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, ba a rasa mai turo saƙon da ke cewa Kabbala wata ƙungiyar asiri ce da ke juya duniya ta ƙarƙashin ƙasa. A wurin masu abin kuwa, wato Yahudawa, Kabbala ilimi ne na malamai, wanda ya ginu a kan tafsirin Attaura da addu'a da tsare dokokin addini, kuma tambayar da ke cikin zuciyarsa ita ce: ta yaya Ubangijin da hankali ba ya iya riskarsa yake zama kusa da bawan da ke kiransa, kuma me ya sa bawan yake jin nisa duk da wannan kusanci?

Wannan jagora na ɗalibin da yake son ya san abin da mutanen suka faɗa da bakinsu ne, ko don yana nazarin addinai a jami'a, ko don yana zaune a gari irin Legas inda kowane irin ra'ayi yake yawo a kasuwa. Sanin aƙidar wasu ba yarda da ita ba ne, kuma malamai irin su Ibn Hazm da Shahrastani da Biruni sun yi rubutu mai zurfi a kan addinan da ba nasu ba tun kusan shekaru dubu da suka wuce.

Ka fara da tushe, ka bar zane-zane tukuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara da hoton nan mai da'irori goma da layuka a tsakaninsu, wanda ya cika intanet. A makarantar zaure ba a miƙa wa wanda bai sauke Ahalari da Ishmawi ba manyan littattafan haƙiƙa, kuma a nan ma haka tsarin yake. Malaman Yahudawa na farko sun ma taƙaita koyar da wannan fanni, har littafinsu na Mishna ya hana a karantar da bayanin karusar da Ezekiyel ya gani sai ga mutum ɗaya tak, shi ma sai in ya kasance mai hikima da ke iya fahimta da kansa. Suna da wani sanannen labari na malamai huɗu da suka shiga "gonar" wannan ilimi: Ben Azzai ya duba ya mutu, Ben Zoma ya duba ya taɓu, Elisha ben Abuya ya fita daga addini, Rabbi Akiba kaɗai ya shiga lafiya ya fito lafiya.

Saboda haka ka nemi Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ake samu a shagunan littattafan Kirista na cikin gari da kuma a manhajojin waya, ka karanta wurare kaɗan a natse. Ka karanta sura ta farko ta Ezekiyel, da Fitowa sura ta 33 inda Annabi Musa (AS) ya roƙi ganin ɗaukakar Ubangiji aka ce masa ɗan Adam ba zai ga fuskarsa ya rayu ba, da Zabura ta 42 inda mai addu'a yake kwatanta ƙishin ransa ga Allah da ƙishin barewa ga ruwan rafi, da Zabura ta 63, sannan da Waƙar Waƙoƙi baki ɗayanta. Wannan ta ƙarshe a zahirinta waƙar soyayya ce tsakanin mace da namiji, amma Yahudawa sun karanta ta a matsayin zance tsakanin Allah da al'ummarsu, har Rabbi Akiba ya ɗora ta a kan sauran rubuce-rubuce wajen tsarki. Wanda bai san wannan waƙa ba ba zai gane rabin abin da malaman Kabbala suke nufi ba, domin daga cikinta suka ɗebo yawancin kalmominsu na bege.

Bayan nassi sai tarihi, kuma shekaru biyu ne ya zama dole ka riƙe. A shekarar 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Babilawa suka rushe Haikalin farko a Ƙudus, sannan a shekara ta 70 miladiyya Rumawa suka rushe na biyu. A aƙidar Yahudawa Haikali shi ne wurin da halartar Allah take sauka a tsakaninsu, wadda suke kira Shekina. To da aka rushe ɗakin, ina Shekina ta nufa? Amsar da Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, ya bayar ita ce ta bi su zuwa gudun hijira, duk inda aka kore su tana tare da su. Suka kuma ce ko mutum biyu ne suka zauna suna nazarin Attaura, Shekina tana tsakaninsu. Daga wannan amsa ce duk wani bege na sufancin Yahudawa ya tsiro, bege mai haɗe da makoki, wanda ke ganin cewa rabuwar ta shafi ɓangarori biyu. Mai karatu Musulmi zai tuna da Sakina da ta zo a Alƙur'ani, misali a aya ta 248 ta Suratul Baƙara a kan akwatin Bani Isra'ila, kuma lallai asalin kalmomin biyu ɗaya ne, sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka ma'anarsu ɗaya ce. Malaman tafsiri galibi sun fassara Sakina da natsuwar da Allah ke saukarwa a zukata, alhali a Kabbala Shekina ta koma wani matsayi ne a cikin bayyanar Ubangiji kansa.

Sefirot goma da yadda ake karanta Zohar

Sai yanzu ne ya dace ka koma ga zanen, amma ka fara fahimtar matsalar da aka yi shi don warwarewa. Masanin nan Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a shekarar 1204, ya tsananta wajen tsarkake Allah daga kamanni, har ya ce abin da ɗan Adam zai iya faɗa kawai shi ne abin da Allah bai zama ba. Malaman Kabbala, waɗanda suka fara bayyana a kudancin Faransa a ƙarshen ƙarni na 12 sannan suka bunƙasa a garin Girona da yankin Kastila na Sifen, sun yarda da wannan a mataki ɗaya. Zatin da babu mai iya cewa komai a kansa suka kira shi En Sof, wato Marar Iyaka. Amma suka ce Ubangijin da ya yi magana da annabawa, mai jin addu'a, mai fushi da jin ƙai, yana bayyana ne ta fuskoki goma da suke kira sefirot.

Shawarata ita ce ka ɗauki takarda ka zana su da hannunka a layi uku. A can sama akwai Keter, wato kambi, sai Hokma, hikima, a dama, da Bina, fahimta, a hagu. Ƙasa da su akwai Hesed, jin ƙai, a dama, da Gebura, ƙarfi da hukunci, a hagu, sai Tiferet, ƙawa, a tsakiya tana daidaita su. Sai Nesah da Hod, dawwama da ɗaukaka, sai Yesod, tushe, sannan ta goma a ƙasan duka, Malkut, sarauta, wadda ita ce Shekina. Abin lura shi ne dama ɓangaren rahama ne, hagu ɓangaren hukunci, kuma a tunaninsu sharri yana samun kafa ne idan hukunci ya rabu da rahama ya yi ta aiki shi kaɗai. Wanda ya saba da zancen sufaye a kan siffofin jamali da na jalali zai ji kamar ya san wurin, amma kamannin na nesa ne, domin malaman Kabbala suna magana a kan wata rayuwa da motsi a tsakanin waɗannan fuskoki, da haɗuwa da rabuwa, abin da masu ilimin tauhidi a Musulunci ba za su karɓa ba.

Ba Musulmi ne kaɗai za su ɗaga gira a nan ba. A ƙarni na 14 wani babban mai ba da fatawa na Yahudawa, Ishaƙu ben Sheshet, ya kawo maganar wani masanin falsafa da ke sukar malaman Kabbala da cewa Kiristoci sun yi imani da uku, su kuma sun yi imani da goma. Masu Kabbala sun mayar da martani da misalai biyu da ya kamata ka riƙe: na farko, daga tsohon littafin Sefer Yesira, cewa sefirot suna haɗe kamar yadda harshen wuta yake haɗe da garwashi, na biyu, daga Musa Kordobero, cewa kamar ruwa ne marar launi da aka zuba a kwalabe masu launi daban-daban, launin na kwalba ne, ruwan bai sauya ba. Ko misalan sun gamsar ko ba su gamsar ba, sanin cewa gardamar ta daɗe a cikin gidan Yahudawa kansu zai hana ka faɗin cewa duk Bayahude haka ya yi imani. Har a farkon ƙarni na 20 an sami malamai a Yaman da suka yi watsi da Kabbala baki ɗaya.

Babban littafin wannan fanni shi ne Zohar, wanda ya bayyana a Kastila a ƙarshen ƙarni na 13, akasarinsa cikin harshen Aramiyanci. Masu riƙo da al'ada suna jingina shi ga Rabbi Shimon bar Yohai na ƙarni na 2, amma masu bincike na zamani, musamman Gershom Scholem wanda ya rasu a 1982, sun nuna cewa Musa de Leon, wanda ya rasu a 1305, shi ne babban marubucinsa, wataƙila tare da wasu abokan karatunsa. An fara buga shi a biranen Mantuwa da Kiremona na Italiya daga shekarar 1558. Cikakkiyar fassararsa ta Turanci ta zamani ta kai juzu'i 12, kuma ana samun matanin asali kyauta a shafin Sefaria.

Kada ka ce za ka fara shi daga bango zuwa bango, kuma ba littafin karantawa a cikin danfo ba ne yayin da ake jiran cunkoso ya sake. Ka nemi zaɓaɓɓun sassa masu sharhi, ka ɗauki shafi ɗaya a zama ɗaya, da zanenka a gefe. Mabuɗinsa shi ne kusan kowane suna a Attaura ishara ne ga wata sefira: Ibrahim yana nuni ga jin ƙai, Ishaƙu ga hukunci, Yaƙubu ga ƙawar da ke tsakiya, Dawuda da Rahila da wata da teku da rijiya duk suna nuni ga Shekina. Idan Zohar ya ce wata ba shi da hasken kansa sai wanda ya karɓa daga rana, zancen Malkut da Tiferet yake yi. Sannan ka shirya wa abin da zai fi yi maka nauyi, domin littafin yana siffanta Shekina a matsayin amarya da aka raba da angonta saboda zunuban mutane, yana kuma amfani da harshen aure ƙarara wajen bayanin sake haɗuwarsu. A ganina nan ne gaskiyar ɗalibi take bayyana: ka rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, ka rubuta inda ka saɓa musu a wani shafi daban, kada ka gauraya biyun.

Safad da ƙishin kusanci

A shekarar 1492 aka kori Yahudawa daga Sifen, da yawansu suka sami mafaka a Daular Usmaniyya, kuma cikin ƙarni na 16 ƙaramin garin Safad da ke kan tsaunukan Galili ya zama cibiyar wannan ilimi. A can Kordobero ya tsara koyarwar magabata har ya rasu a 1570, a can kuma Ishaƙu Luriya, wanda ya tashi a Masar, ya koyar na ɗan lokacin da bai kai shekaru uku ba kafin ya rasu a 1572. Bai rubuta abu mai yawa da hannunsa ba. Almajirinsa Hayim Bital ne ya tattara karatun.

Tunanin Luriya yana da gaɓoɓi uku, kuma ka bi su a jere. Tambayarsa ta farko ita ce: idan Marar Iyaka ya cika komai, ina halitta za ta sami wurin zama? Sai ya ce farkon abin da ya faru janyewa ce, wadda suke kira tsimtsum, inda hasken ya ja baya ya bar fili. Daga nan aka aiko da haske cikin wasu mazubai, mazuban suka kasa ɗaukarsa suka farfashe, tartsatsin haske ya warwatsu ya maƙale a cikin ɓawon wannan duniya. Gaɓa ta uku ita ce tikkun, wato gyara: duk dokar da mutum ya tsare da kyakkyawar niyya, duk addu'ar da ya yi da halartar zuciya, har cin abincin da ya yi wa albarka, tana ɗaga wani tartsatsi ta mayar da shi asalinsa. Scholem ya ɗauki wannan a matsayin amsar da Yahudawa suka ba wa raɗaɗin korar 1492, sai dai wasu masana da suka zo bayansa, irin su Moshe Idel, ba su yarda cewa alaƙar ta kai haka ba. Su ma mabiyan Luriya sun yi saɓani a kan ko janyewar ta haƙiƙa ce ko kuwa ɓoyuwa ce kawai daga idon halitta, kuma Hasidawa, mabiyan Ba'al Shem Tob da zancensa zai zo a gaba, sun karkata ga ra'ayi na biyu, cewa babu wurin da ya wofinta daga Ubangiji.

Wannan ilimi bai tsaya a takarda ba, don haka kada karatunka ya tsaya a takarda. Mutanen Safad sukan fita bayan gari da yammacin Juma'a su tarbi Asabar kamar yadda ake tarbar amarya, kuma waƙar Leka Dodi da Sulaimanu Alkabes ya tsara a can ana rera ta a majami'un Yahudawa har yau. Ka neme ta a YouTube ka saurara tare da fassara. Sukan kuma tashi tsakar dare su zauna a ƙasa suna kuka a kan hijirar Shekina, sa'annan su shiga karatu har asuba. Manufar duka ita ce abin da suke kira debekut, manne wa Ubangiji da zuciya ba yankewa. Ko wannan mannewa tana kaiwa ga narkewar bawa baki ɗaya, irin abin da sufaye ke kira fana'i, nan ma masana sun rabu: Scholem ya ce galibi ana barin tazara tsakanin bawa da Ubangiji, Idel kuma ya kawo matanin da ke nuna wasunsu, kamar Ibrahim Abulafiya na ƙarni na 13, sun yi maganar cikakkiyar haɗuwa.

A ƙarni na 18 Isra'ila ben Eliyezar, wanda aka fi sani da Ba'al Shem Tob, ya sauko da wannan bege zuwa ga talakawa a yankin Fodoliya da ke Yukren ta yau, yana koyar da cewa mai keken doki da bai iya karatu ba zai iya kusantar Allah da farin ciki da addu'a mai zafi. Ya rasu a 1760, kuma tun daga 1772 manyan malamai a birnin Bilna suka fara yanke hulɗa da mabiyansa. Jikan 'yarsa ne, Nahman na Biraslab, ya yi wa almajiransa wasiyya da su riƙa keɓewa kullum su yi magana da Allah cikin harshensu na gida, kamar mai kai kuka ga mahaifinsa.

Ga wanda ya iya Larabci akwai wata gajeriyar hanya da yawancin masu karatu da Turanci ba su da ita. Bahya ibn Baƙuda, alƙalin Yahudawa a Saragosa a ƙarni na 11, ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub da Larabci, da babi a kan tawakkali da ikhlasi da muhasaba da zuhudu, ya rufe da babin son Allah, kuma ya ɗebo da yawa daga zantukan masu zuhudu na Musulmi. Ibrahim, ɗan Musa bin Maimun, wanda ya shugabanci Yahudawan Masar har rasuwarsa a 1237, ya rubuta Kifayatul Abidin, inda ya yaba wa sufaye a fili, ya kuma shigar da wanke ƙafafu da sujada da tsayuwa sahu-sahu cikin ibadar mabiyansa. Waɗannan ba Kabbala ba ne a tsantsar ma'ana, amma su ne mashiga mafi sauƙi ga ɗalibin da ya tashi a kan littattafan Gazali.

Rarrabe tsaki da tsakuwa

Yanzu za ka iya komawa ga teburan Yaba da idon basira. Littafin nan da ake kira na shida da na bakwai na Musa, wanda ya yi suna a ƙasashen Afirka ta Yamma, littafin tsafi ne da aka buga a Jamus a ƙarni na 19, kuma ba ya cikin abin da malaman Yahudawa suke karantarwa. Tun ƙarni na 15 wasu Turawa Kiristoci, irin su Pico della Mirandola, suka ari Kabbala don kafa hujja da ita a kan aƙidarsu, daga baya kuma ƙungiyoyin sihiri na Turai suka haɗa ta da katin duba da taurari. Yawancin abin da za ka tarar a intanet daga wannan reshe ya fito. Gwaji mai sauƙi shi ne ka duba ko marubucin yana kawo ayar Attaura da maganar Talmud yana kuma zancen tsare dokoki. Idan babu ko ɗaya sai alƙawarin kuɗi da farin jini da jan zare na ɗaurawa a hannu, to ka ajiye.

Ba za a musanta cewa akwai layu da amfani da sunaye a tarihin Yahudawa ba, sai dai Luriya da almajiransa sun yi gargaɗi a kansa. Akwai kuma lissafin baƙaƙe, wanda duk mai sanin hisabi zai gane nan take: kalmar "ɗaya" da kalmar "ƙauna" a Ibrananci kowacce tana ba da 13, jimlarsu 26, adadin Sunan Allah mai harufa huɗu da ke cikin Attaura. A wurinsu wannan kayan tafsiri ne da wa'azi.

Haɗarin da su kansu suka fi tsoro shi ne na zumuɗi. A shekarar 1665 Shabbatai Sebi, mutumin Izmir, ya yi da'awar shi ne Almasihun da ake jira, Yahudawa daga Yaman har Amsterdam suka ruɗe da shi, sannan a 1666, da aka gurfanar da shi a fadar Sarkin Usmaniyya, ya karɓi Musulunci, ya bar mabiyansa cikin ruɗani. Bayan wannan ne aka ƙara tsananta sharaɗin cewa sai mutum ya kai shekara 40 kuma ya ƙoshi da ilimin shari'a kafin ya shiga Kabbala, ko da yake Luriya kansa bai kai 40 ba ya rasu. Ka kuma raba wannan nazari da siyasar yau, domin duk matsayin da mutum ya ɗauka a kan Falasɗinu, ba zai sauya abin da wani malami ya rubuta a Kastila shekaru 700 da suka wuce ba.

Idan karatu ya kai ka ga neman wanda za ka yi wa tambaya, malaman sashen nazarin addinai a jami'o'i su ne na farko, sannan akwai ƙananan al'ummomi masu bin addinin Yahudanci a Najeriya, akasarinsu 'yan ƙabilar Igbo, a Abuja da Fatakwal da nan Legas. Kada ka kira su a waya ko ka tura saƙo daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar, domin masu tsare Asabar ba sa taɓa waya a wannan lokaci. Kada ka yi ƙoƙarin furta Sunan mai harufa huɗu a gabansu, su kansu "Hashem", wato "Sunan", suke cewa a zancen yau da kullum. Idan kuma ka buga wasu shafuka na Ibrananci a shagon kwamfuta don nazari, kada ka yar da su a bola in ka gama, domin su adana irin waɗannan takardu suke yi har a binne su, kuma wanda za ka je wurinsa da tambaya zai lura da yadda ka riƙe takardar tun kafin ka buɗe baki.